Tambaya da Amsa: Kuɗin Magani a Garwa

Malam, ni ɗaliba ce a Garwa, ƙasar Kamaru. Na tattara rasit ɗin magani na masu hawan jini 40, ina zargin abin da suke kashewa daga aljihunsu ya wuce sefa 10,000 a wata. Yaya zan tabbatar?

'Yata, fara da ɗaukar cewa bai wuce ba, sannan ki bar lissafi ya ƙaryata hakan. Fitar da matsakaici da bambancin da ke tsakanin rasit ɗin, ki yi gwajin t, wato lissafin da ke gwada matsakaicinki da sefa 10,000 ɗin. In ƙimar p da gwajin ya ba ki, wato yiwuwar samun matsakaici mai yawa haka alhali kuɗin bai wuce ba, ta gaza 0.05, zarginki ya samu hujja. Amma ki kula, mutum biyu masu sayen insulin, allurar ciwon suga, za su iya ja matsakaicin sama. Abin da ya fi damuna shi ne tsohuwar da ta duba farashi a famasi ta juya gida hannu wofi. Ba ta da rasit, don haka ki bi unguwa ki tambaye ta.