Kura ba ta cikin mazaɓar Kano ta Kudu

Ka tambaya ko Kura da Garun Malam suna mazaɓar Sanatan Kano ta Kudu. A'a, malam, su biyun Kano ta Tsakiya suke, tare da Madobi da suke raba kujerar ɗan majalisar wakilai ɗaya da ita. Kano ta Kudu ƙananan hukumomi 16 ce cikin 44 na jihar, tun daga Wudil, Gaya da Ajingi har Doguwa can iyakar Kaduna. Kabiru Gaya ne ya riƙe kujerar Sanatan Kano ta Kudu daga 2007 zuwa 2023, sannan Kawu Sumaila ya kayar da shi a ƙarƙashin jam'iyyar NNPP.

Ruwa ne ke rikita mutane. Madatsar Tiga tana yankin kudu, amma babbar magudanarta ta ratsa Bunkure ta shayar da gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa da ke Garun Malam da na Kura, shi ya sa manoman rani ke ɗaukar wurin abu guda. Ga ƙuri'a kuwa, inda gonarka take ba ya aiki. Duba ƙaramar hukuma da rumfar zaɓen da ke jikin katinka. In Bunkure ce, kai ɗan Kudu ne. In Kura ce, Sanatan Tsakiya za ka zaɓa, sai dai in ka nemi INEC ta sauya maka rumfa kafin a rufe rajista.