Amsa ga 'yar uwa mai fama da ciwon mara lokacin al'ada

Sannu 'yar uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kin ce duk wata sai kin kwana biyu a kwance, ga amai, ga rashin zuwa makaranta, a gida kuma ana ce miki raki ne. Wallahi ba raki ba ne, mu da yawa a nan mun san wannan ciwon.

Mahaifa ce ke matsewa don fitar da jini, sinadarin prostaglandin ke sa ta, idan ya yi yawa sai matsewar ta tsananta har jini ya ragu a jikin mahaifar. Shi ya sa ciwon ke sauka baya da cinyoyi, ga gudawa, ga jiri, ga zufa mai sanyi, mace ta duƙunƙune a ƙasa ko ruwa ba ta iya haɗiya. A wannan hali wata babba za ta leƙo ta ce "kowace mace haka take yi, in kin yi aure zai wuce." Wannan magana na ƙona min rai. Aure ba magani ba ne. Haihuwa kan rage wa wasu, wasu kuma shekara da shekaru ana hana su ganin likita da wannan magana, alhali endometriosis ne (wato irin naman da ke shimfiɗe a cikin mahaifa ya tsiro a wajenta) ko ƙari a mahaifa.

Kada ki jira ciwo ya kama ki. Da kin ji alamar farko ki sha ibuprofen 400mg bayan kin ci abinci, ki maimaita bayan awa 8, kada ki wuce 1200mg a rana, kwana 2 zuwa 3. In an sha da wuri ya fi aiki, don hana sinadarin fitowa yake yi. Kada ki haɗa shi da Felvin ko diclofenac, dangi ɗaya ne, ciki za su ci. In kina da olsa, asma ko ciwon ƙoda, ki tsaya kan paracetamol. Gorar ruwan zafi a naɗe da zani ki ɗora a mara minti 20, ki sha shayin citta.

Don Allah ki guji allurar pentazocine da tramadol a kemis, sabo ake yi da su.

Ba ki faɗi yawan jinin ba. In kina canza audugar mata duk awa ɗaya ko biyu, ko ciwon na ci gaba bayan jini ya ɗauke, ko akwai zazzaɓi da ruwa mai wari, ki je wurin likitan mata a yi miki hoton mara, a duba jininki ma.