Ganye a tafkin kifi: kada ka kwashe ruwan

Yarona, saƙonka ya iso. Ka ce tafkin gidan nan na unguwar East Legon a Akra ya cika da ganye, ruwan ya yi ja, kifaye na tasowa da asuba suna haki, kana so ka kwashe ruwan kaf ka wanke simintin da omo. Kul, kada ka soma. Ɗan omon da zai maƙale a bango ya isa ya kashe kifin, kuma ni mai gidan zai kira, ba kai ba.

Ganyen da ke yawo a sama bai yi ɓarna ba tukuna. Sai ya jiƙa ya nutse ya fara ruɓewa, a nan yake cinye iskar da ke cikin ruwa, wadda kifi ke shaƙa. Da dare tsirrai da gansakuka su ma sha suke yi, ba sa bayarwa, shi ya sa hakin yake zuwa da asuba. Ga zafin Akra, ruwa mai ɗumi kuwa ba ya riƙe iska sosai. A ɗauke wuta famfon lantarkin da ke juya ruwan ya tsaya, an gama.

To, aikin na safiya ne: raga mai dogon sanda, ka tsince na sama kullum kafin ya nutse. Na ƙasa kuma a bi shi a hankali. Tura ragar har ƙasa ka ɗago, baƙar laka za ka gani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kwashe ɓangare ɗaya yau, wani gobe, don in ka dama ta gaba ɗaya kifin ne zai sha wuya. Ka ajiye ta bakin tafki ta tsane, ƙananan halittun ciki su koma ruwa, sannan ka zuba a gindin fulawa. Taki ne mai kyau.

Jan ruwan kada ya tsorata ka, rinin busasshen ganye ne kamar shayi. Na fi damuwa da dogon yaron da ke jikin katanga, don ganyensa in ya taru a ɗan ƙaramin ruwa yana cutar da kifi.

Ruwa kuwa, rage kashi ɗaya cikin huɗu kawai. Na famfo yana da kulorin, a tara shi a buɗaɗɗen durom ya kwana kafin a zuba. Soson matatar ruwa ka wanke shi a bokitin ruwan tafkin, don akwai ƙwayoyi masu amfani a jikinsa da kulorin ke kashewa. Kuma ka zare wayar famfon lantarkin daga soket kafin hannunka ya taɓa ruwa.

Daga Disamba zuwa Fabrairu hunturu zai riƙa kaɗo ganye da ƙura, sai mu shimfiɗa raga a saman tafkin, a ɗaga ta da sanduna kada ta kwanta cikin ruwa. Reshen mangwaron nan kuma bar shi, sai na yi magana da mai gidan.