Kan maganar sana'o'i a Final Fantasy V da sunayen da ka kasa samu

Ƙanena, na ga tambayarka tun jiya. Ka ce kana buga Final Fantasy V na Pixel Remaster, wato wanda aka sabunta, a waya, ka kai garin Karnak, kana bin wani tsohon jagora da yake ce maka ka mayar da Reina Sorcerer, ka kuma nemi X-Fight, kai kuwa ka duba ko'ina ba Reina, ba Sorcerer, ba X-Fight. Ka kuma tambaya ko kowane mutum a sana'a ɗaya, wato job irin su Knight ko White Mage, za ka bar shi har ƙarshe.

Gem ɗinka lafiyarsa ƙalau. Jagoranka ne ya yi gwamutsi.

Square sun fitar da gem ɗin a Japan a 1992 a kan Super Famicom, ba su kai shi Amurka ba a lokacin. Na biyu da na uku ma ba a kai su ba, shi ya sa na shida da ya fita can a 1994 aka kira shi Final Fantasy III. Wasu matasa masu son gem ɗin, da suka kira kansu RPGe, suka zauna suka fassara shi da kansu, suka sake shi a 1998. A 1999 fassarar kamfani ta fito a PlayStation cikin Final Fantasy Anthology, a 2006 kuma aka sake sabuwa fil don Game Boy Advance, kuma a kanta aka gina wadda ke hannunka. To fassara uku ke yawo a intanet, kowane mai rubuta jagora da wadda ya taso da ita. Reina da Sorcerer na PlayStation ne, su ne Lenna da Mystic Knight a wurinka. X-Fight na RPGe ne, kai Rapid Fire za ka gani. Ranger shi ne Hunter, shi ne Archer. Beastmaster shi ne Trainer, shi ne Mediator. Fire2 da Bolt3 su ne Fira da Thundaga. Gurbin rubutu a tsofaffin injinan ƙarami ne, harufan Japan kuwa kowanne gaɓa guda yake ɗauka, sai suna ya shiga a harafi biyar, na Turanci ya ƙi shiga, dole a datse. Amma ta PlayStation ba ƙarancin gurbi kaɗai ya dame ta ba, har da rashin kula. Dodon da ake kira Wyvern suka rubuta shi Y Burn, wato mai fassarar ya ji sautin bai gane kalmar ba. Faris kuma, ɗaya daga cikin jaruman labarin, suka sa mata maganar 'yan fashin teku mai kauri har ƙarshen labari, ko a wurin da ya kamata mutum ya yi kuka sai ya yi dariya.

Ni da ta RPGe na fara, a tsohuwar kwamfutar yayana, shi ya sa har gobe Butz nake ce wa babban jarumin, Bartz ya ƙi zama a bakina.

Yanzu maganar sana'a. Kada ka ɗaure kowa wuri ɗaya. Wannan tunanin daga wasu gem ɗin ka taho da shi, inda sana'ar da mutum yake ciki lokacin da ya hau mataki, wato level, take shafar ƙarfinsa na dindindin. A nan babu haka. Wanda ya yi matakai talatin yana White Mage, ka mayar da shi Knight yau, daidai yake da wanda ya yi talatin ɗin da takobi a hannu. Sauyin kyauta ne, ko sisi ba a biya. Abin da ake tarawa shi ne ABP, makin da ake samu bayan faɗa, da shi ake koyon fasahohin sana'a, kuma duk wadda aka koya ana iya ɗora ta a gurbi ɗaya da kowace sana'a ta bari a buɗe. Duk daɗin gem ɗin a wannan gurbin yake. Ka koya wa Lenna Barehanded daga Monk, ka mayar da ita White Mage, sai ka ga mai ba da magani tana naushi kamar ɗan dambe. A inda kake yanzu wannan haɗin kaɗai zai ɗauke ka nisa.

Sana'o'i 22 ne a naka. Guda huɗun da aka ƙara a Game Boy Advance, su Gladiator da Cannoneer, babu su a Pixel Remaster, kada ka wahalar da kanka nema.

Tunda kana Karnak, ka sayi Frost Rod ko biyu kafin ka shiga jirgin ruwan nan mai aiki da wuta. Idan mai sihiri ya riƙe ta, ka yi amfani da ita cikin faɗa kamar kaya, za ta karye amma za ta saki Blizzaga, sihirin da ba za ka iya saya ba sai can gaba sosai. Liquid Flame, shugaban dodannin jirgin, ba ya jure ta.

Wanda nake so ka ba muhimmanci shi ne Blue Mage, wanda sabbin shiga suke rainawa don suna ganin hannunsa wayam. Shi ba ya sayen sihiri a shago, sai dodo ya buge shi da abu sannan ya koya. A ɗakin karatun mutanen dā, bayan Karnak, akwai dodon da ake kira Page 64, yana jefa Level 5 Death, mai kashe duk wanda matakinsa ya rabu da 5. Dole ya sami ɗan Blue ɗinka kafin ya koya. Ni da ɗokina na kai su huɗun duka mataki na 15 na shiga. Shafin ya buɗe, allo ya yi duhu, duk huɗun suka zube lokaci guda, ga shi kusan awa guda ban ajiye wasan ba. Na zauna ina kallon allon, yayana yana bayana yana dariya har da buga cinya. Ka tabbata mutum ɗaya ne a 15, sauran su kasance 14 ko 16, su gama faɗan su tashe shi.

Amfanin wannan wahala sai ka kai duniya ta biyu. A ƙarƙashin fadar Bal akwai gumaka, Objet d'Art, matakinsu 45. Level 5 Death ɗaya yana kwashe su gaba ɗaya. Biyu suna ba da ABP 4, biyar suna ba da 8, ga masauki a sama. Nan kowa yake zama ya ƙware. In ba ka da sihirin, Gold Needle tana kashe su ɗaya bayan ɗaya, sai dai kuɗinka zai ji jiki. White Wind da Mighty Guard kuwa, su ma sihirin Blue Mage ne, amma dodanni ba sa jefa maka su da son ransu, tunda taimako ne, sai ka kama dodon da Control na Beastmaster ka tilasta shi.

Samurai yana da wata fasaha, Zeninage, watsa kuɗi a kan abokan gaba, liƙi dai irin na gidan biki amma mai kisa. RPGe suka ce GilToss, fassarar baya ta bar sunan Japan ɗin yadda yake. Tana gama shugaban dodanni da sauri har sai ka ji kunya. Ni ba na taɓa ta sai an ƙure ni, don tana hana mutum koyon faɗan.

Sai ƙarshen tafiya, inda mutane da yawa ba sa gane abin da aka shirya musu. Sana'ar farko, wadda kowa ya fara da ita, Freelancer, da Japananci sunanta Suppin, wato fuskar da ba a yi wa kwalliya ba. PlayStation suka ce Bare, su ma a nan ba su yi nisa da asali ba. Duk sana'ar da ka ƙware a kanta har ƙarshe, Freelancer yana gadon ƙarfinta ba tare da rauninta ba, yana gadon yawancin fasahohinta na jiki, yana ɗaukar kowane makami, kuma gurbi biyu gare shi a buɗe. Saboda haka ba sai ka ƙware a 22 ba. Ga mai faɗa, Ninja don takobi biyu, Ranger don Rapid Fire, Mystic Knight don Spellblade, sai Monk don lafiya da ƙarfi. Rapid Fire sara huɗu ne da ba sa kuskure kuma ba ruwansu da sulke, da takobi biyu sun zama takwas, ka shafa musu Thundaga ka je wurin Omega, ɗaya daga cikin dodannin da suka fi wuya. Ga mai sihiri, Dualcast na Red Mage, amma matakinsa na ƙarshe ABP 999 yake ci, ni a wasana na farko ban ƙarasa ba kuma na gama gem ɗin. Mime da za ka ɗauko a hasumiyar Walse da ta nutse shi ma yana gado, gurbinsa uku, ya fi dacewa da masu sihiri.

Kada dai ka koma Freelancer da wuri, domin ba ya tara ABP. Ka bari sai ka shiga wurin faɗa na ƙarshe.

Jagoran nan naka, ka duba yadda ya rubuta sunan jikar Galuf, tsohon da ke cikin mutanenka huɗu. In Cara ce, na RPGe ne, in Krile ce tare da Reina, na PlayStation ne. Ka nemi mai Lenna da Krile tare, shi ne zai yi daidai da allonka. In ka fito daga ɗakin karatun ka faɗa mana mataki nawa ka shiga da shi.