Waken da ya faɗa rami a kife

Hajiya, kin tambaya ko waken da kika shuka cikin buhuna a unguwar Aboabo ta Kumasi zai lalace, tunda wasu ƙwayoyin sun kwanta a kife. Ba abin da zai same shi, don Allah kada ki tona. Ko yaya iri ya kwanta, saiwa ƙasa take nufa, tsiro kuma sama.

A can bakin saiwa akwai 'yan ƙwayoyin sitaci masu nauyi da ke gangarawa ƙasa, sai saiwar ta lanƙwashe ta bi wajen. Masanin kimiyya Charles Darwin ya nuna muhimmancin bakin saiwar a 1880: da ya yanke bakin, saiwar ta daina gane ƙasa. Farin bakin nan kuwa laushi gare shi, a wajen tono na fi ganin yana karyewa. Ki dai huda gindin buhun saboda ruwan Kumasi.