Tambaya da Amsa: Na gama bidiyo, Hajiya ta ce kalar ba ta yi mata ba

TAMBAYA: Salamu alaikum Malam. Ni matashi ne mai ɗan taɓa aikin girafik a Aboabo, Kumasi, ina haɗa tallan bidiyo da manhajar After Effects, irin wanda rubutu da hoto ke motsi ɗin nan. Wata Hajiya mai sayar da abaya da turare a kasuwar Kejetia ta ba ni tallan sakan 30 saboda sallah, kwana goma ina kai, ga dumso, wato ɗauke wutar nan, ga laftop ɗina ya yi zafi kamar kaskon ƙosai, da na kai mata sai ta ce ita ba ruwan ɗorawa take so ba, kore da ruwan zinare take so, wai kuma rubutun ya yi kama da na fostar makoki. Abokina ya ce laifina ne tunda ban yi sitayil firem ba. Mene ne shi, kuma ba ƙarin wahala ba ne?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Ka yi haƙuri, amma abokinka ya fi ka gaskiya, Hajiya ma ba ta yi laifi ba. Maganar fostar makokin nan kam sai da na dara, duk wanda ya san bangon Kumasi ya san irin rubutun da take nufi.

Sitayil firem hoto ne guda wanda ba ya motsi, kamar ka tsayar da bidiyon da ba a riga an yi ba ka ɗauki hotonsa. Kala, irin rubutu, haske, inda kwalbar turaren za ta zauna, duk an gama su tsaf yadda za su fito a ƙarshe. A Photoshop ko Illustrator ake yi, wasu yanzu Figma suke amfani da shi. Kar ka haɗa shi da sitoribod, shi wannan zanen gaggawa ne ko da biro, yana nuna me ke bin me a labarin. Sitayil firem kuwa kamannin yake nunawa.

Ka duba lissafin. Talabijin ɗinmu a Gana firem 25, wato hotuna 25, yake tafiya a sakan ɗaya, kenan tallanka firem 750 ne, kuma mayar da shi kore ba wai ka danna wuri ɗaya ba ne shi kenan, in ka canza bayan hoto sai ka ga rubutun ya ɓace a ciki, ka gyara rubutun sai inuwar ta lalace, sabon font, wato salon harufa, ya fi tsohon faɗi duk motsin da ka saita ya goce, sannan ka zauna jiran renda, wato kwamfuta ta fitar da bidiyon, kana addu'ar kar a ɗauke wuta. Da hoto ɗaya ka tura mata tun farko, kafin ka gama shan kokonka ka canza kalar. Ai ko tela a unguwar Nima ta Accra ba ya sa almakashi a shadda sai mai kaya ya nuna masa ɗinkin da yake so, balle ana saura kwana uku sallah.

Ba sai ka yi da yawa ba. A tallan sakan 30 uku zuwa biyar sun isa: buɗewa, wurin da kayan ke fitowa, da ƙarshe inda sunan shago da lambar waya suke. In kana da hali ka yi mata salo biyu ta zaɓa, kar ka wuce haka, in ka ba mutum shida zai ce a ɗauko kan wannan a ɗora a jikin wancan.

Inda nake so ka kula sosai shi ne rubutu. Ka sa ainihin kalmomin da za su fito, ba na cike gurbi ba. Font da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ, ka rubuta "ƙamshi" sai ka ga ɗan akwati a madadin harafin farko, haka ma ɛ da ɔ in tallan zai haɗa da Twi, kuma a Kumasi da wuya bai haɗa ba. Ni kaina na taɓa gano wannan bayan na gama renda, daren nan ban yi barci ba. Sannan ka tambaye ta a ina za a sa bidiyon. In sitatus ɗin WhatsApp ne ko TikTok, a tsaye za ka yi, 1080 da 1920, in talabijin ne a kwance. In za ka tura mata hoton ka tura a matsayin dokumen, don WhatsApp na matse hoto ya rage masa kyau, kuma ta gani a wayarta tunda kwastomominta ma a waya za su kalla.

Wani abu kuma, kar ka zana abin da ba za ka iya motsawa ba. Ka yi hayaƙin turare mai kyau kamar na manhajar 3D ɗin nan Cinema 4D alhali laftop ɗinka ba zai ja ba, ta ce shi take so, ka ga ka ɗaure kanka da igiyarka. Kuma ka raba komai leya leya ka sa musu suna, kwalba daban, hayaƙi daban, rubutu daban, yadda in ka shigar da fayil ɗin After Effects kawai motsi za ka fara, aikin bai tafi a banza ba kenan. Saurin motsi da kiɗa kam hoto ba zai nuna su ba, wannan aikin animatik ne, wato sitoribod da aka jera ya zama bidiyo da sauti, sai wani makon.

Yanzu dai ka koma wurin Hajiya da hotuna uku na kore da zinare, kar ka taɓa bidiyon tukuna. In ta ce ya yi, ka ce ta rubuto maka ko ta yi maka saƙon murya ka ajiye, ta turo rabin kuɗi ta MoMo, wato ta waya, kuma ka faɗa mata cikin ladabi cewa canjin kala bayan wannan da kuɗinsa daban.