Gidan Barbaro na Maser gidan gona ne

Malam, ka tambaya ko gidan Barbaro da ke Maser, a arewacin Italiya, don shaƙatawa kawai aka gina shi. A'a, tun asali gidan gona ne. Masanin gine-gine Andrea Palladio ya tsara shi wajen 1560 saboda 'yan'uwa biyu, Daniele da Marcantonio Barbaro, manyan birnin Venis. Fuskar tsakiya kamar haikalin Romawa take, bangayen ciki kuwa mai zane Paolo Veronese ya yi musu zane-zane. Ni dai rumfunan da suka miƙa hagu da dama sun fi burge ni, don aikin gona aka yi su, ƙarshen kowace akwai ɗakin tattabaru mai agogon rana, wato agogon da ke aiki da inuwa. Har yau ana noman inabi kewaye da gidan.